Ka Zo Ko Hannu Wofi

Zuwa ga autana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka da manyanka na bariki. Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya kiyaye ka daga harsashi da haɗarin hanya da mugun aboki, ya ba ka farin jini wurin waɗanda ke sama da kai. Amin.

Na ba Kofur Danjuma takardar nan, ɗan maƙwabtanmu da ya zo fas, wato hutun soja, tun da ya ce barikinku ɗaya. Kwana huɗu na yi ina rubuta ta, don hannuna yana rawa yanzu, ido kuma ba ya ganin layi sai rana ta ɗaga. Idan ka ga rubutun ya karkace kada ka yi dariya. Hannun nan ya yi shekara goma sha ɗaya yana rubutu a ofishin bataliya, ba a taɓa dawo masa da takarda a ce ya sake ba. A cikin ambulan akwai wani ɗan ƙulli na tsumma. Kada ka kwance shi sai ka karanta har ƙarshe.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Ruwa yana sauka, dawa ta yi kyau a gonakin mutane, shi ke nan. Wata magana ce da ka yi a tasha ranar da na raka ka ta hana ni sukuni. Ka tuna, abokinka ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Soja, yaushe za mu gan ka?" Kai kuma ka ce, "Ni da Zuru sai ranar da kuka ji ƙarar babur ɗina tun daga bayan gari. Ba zan shigo muku a bayan motar haya kamar buhun gawayi ba." Suka yi dariya, ni ma na yi. Amma da motar ta tashi sai na zauna a bencin mai shayi ina juya maganar. Na san maganar nan, Ishaya. Bakina ne ya fara faɗinta, shekara arba'in da wani abu da suka wuce, kuma ita ce ta cinye mini duk abin da ya kamata in riƙe.

Bari in gaya maka yadda abin yake a zamaninmu. Sojan ƙasar nan ba ya sauka a tashar Zuru sai ranar kasuwa. Ko fas ɗinsa ya riga ya fara, sai ya maƙale a Kwantagora ya jira, don ya sauka a idon jama'a. Daga tasha zuwa garinmu Dabai a ƙafa ake tafiya, kayansa a kan mutane, an jeru, shi yana baya cikin kaki mai sitaci. Mata suna bakin hanya suna ƙirga kawuna. Kafin ka kai ƙofar gida labari ya riga ka: wane ya dawo da kai uku, wane da kai biyar. Ba wanda ke tambaya mene ne a cikin akwatunan. Na san wani da ya cika akwati guda da kwalaben banza don kawai a ƙara masa kai ɗaya.

Fas ɗina na farko na dawo da kai ɗaya tak. Akwatin ƙarfe ne, a ciki gishiri da sabulu da zane na kakarka, da bargon soja na kakanka. Rannan kuma Tanko ya sauka, abokina tun muna yara, tare muka shiga soja. Shi kai huɗu ya kawo, har da rediyo. Ina biye da ɗan akwatina na ji wata mata ta ce wa 'yar'uwarta, "Shi wannan soja ya tafi, ko aikensa aka yi?" Suka bushe da dariya.

Da na isa gida kakanka ya karɓi bargon ya shafa, ya yafa shi duk da zafin da ake yi. Ya kama hannuna ya daɗe bai sake ba, ya ce da yarenmu, "Ka yi ƙiba. Suna ba ka abinci ke nan." Murnarsa ke nan, bai nemi wani abu ba. Amma ni ban ji shi ba. Muryar matar nan kaɗai ke cikin kunnena. Na rantse a raina ba zan sake taka hanyar Dabai ba sai da abin da zai rufe musu baki.

Na same shi a wani kanti a Kaduna. Rediyo ne mai haɗe da garmaho, cikin doguwar akwatin katako mai sheƙi, da ƙafafu huɗu kamar tebur. Kullum na fito bariki sai na je na tsaya ina kallonsa ta gilashi. Sau biyu aka ba ni fas na ƙi tafiya, don kuɗin mota zai rage mini abin da nake tarawa. Shekara biyu da rabi ban je gida ba. Uwarku tana can amarya a gidan kakanka tana yi musu noma, ni ina nan ina kallon katako.

Wata rana Tanko ya dawo daga fas, ya same ni a ofis ya ce, "Tsohonka ya ce in gaya maka ƙafarsa ta kumbura."

Na ce, "Ya ce in zo?"

Ya ce, "Bai ce ba. Ya dai ce in gaya maka."

Ka san mazan gidanmu. Ba wanda zai buɗe baki ya ce wa ɗansa ka zo zan mutu. Na gane saƙon sarai, Ishaya. Shekaru da yawa ina gaya wa mutane ban gane ba ne, har uwarku haka na gaya mata. Yau kai ne na farko da zan gaya wa gaskiya. Na gane, amma saura albashin wata uku kuɗin rediyon ya cika. Sai na sayi man shafawa na aika masa.

Bayan wata uku na sauka a tasha ranar kasuwa da kai shida, biyu daga ciki rediyon suka ɗauka, sun rataya shi a gora. Muna tafe ina kallon bakin hanya, ina jira in ji ana ƙirgawa. Matan suna nan, amma ba wadda ta ƙirga, ba wadda ta yi guɗa. Duk wadda muka haɗa ido sai ta sunkuyar da kai. Na iske kakarka zaune a ƙofar ɗaki. Ta dubi abin da aka sauke a tsakar gidanta ta ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Rediyo ne, Inna. Yana magana, yana waƙa."

Ta ce, "To, ka kai wa ubanka kabarinsa a bayan gidan nan ka kunna masa. Yau kwanansa goma sha ɗaya a can."

Daga baya ta gaya mini da bargon nan aka rufe shi, shi ya ce a yi haka. Kuma ka ji sauran wautar. Rediyon da wutar lantarki yake aiki, Dabai kuwa ba wuta. Shekara biyu da rabi ina kallonsa, ban taɓa tambayar mai kanti ba. Bai taɓa yin ko tari ba a gidan. Kaji suka riƙa yin ƙwai a cikinsa har gara ta gama da shi.

Saboda haka ga abin da zan ce maka. Duk lokacin da ranka ya kwanta a kan wani abu na saye, ka rufe ido ka ga fuskar wa ta fara zuwa maka. Idan kanka ka gani kana amfani da abin, to, ka yi ciniki. Idan kuwa fuskokin 'yan kallo ka gani, ka mayar da kuɗinka aljihu ka bar wurin. Masu kallo minti biyar za su ba ka su koma ga harkarsu. Matar da ta yi mini ba'a ko sunanta ban sani ba. Na tabbata kafin ta kai gida ta manta da maganar. Ni na biya ta da fuskar mahaifina.

Za ka yi tsammani wanda wannan ya same shi ya warke ke nan. Ban warke ba.

Lokacin da na yi ritaya muka dawo Zuru, cikin gidan nan da ka taso. Ba a haife ka ba tukuna, yayanka Markus yana ɗan shekara goma sha biyu. Ana gobe zan tafi Kaduna karɓo garatuti, uwarku Rahila ta zaunar da ni. Ka san ba ta da yawan roƙo. Matar nan shekara bakwai na yi ina golmo a gonar ubanta, wato noman da saurayi ke yi wa surukansa kafin a ba shi mata, kuma ko sau ɗaya ban ji gajiya ba. Amma maganarta ta minti biyu ban iya ɗauka ba.

Ta ce, "Baban Markus, abu uku nake roƙo. Kwano a kan ɗakin nan, shanun huɗa biyu, da keken ɗinki. Abin da ya ragu ka yi yadda ka ga dama."

Na ce to. Har na rubuta a takarda na sa a aljihu. Sai dai wata biyu kafin nan Tanko ya yi tasa ritayar, ya shigo gari da mota. A Kaduna na haɗu da wani tsohon hafsa da ke neman rabuwa da akori-kurarsa. Ya buɗe mini gaba na leƙa kamar na san abin da nake dubawa. Ya ce, "Saje, wannan ba mota ba ce, gona ce mai taya." Kwana uku bayan haka na shigo Zuru a gaban mota, wani direba yana jana, muna ta danna ƙaho tun daga bakin kasuwa. Yara suka bi mu da gudu har gida.

Uwarku ta fito da muciya a hannu. Idan za ta yi mini ba'a ba ta cewa Baban Markus, Saje take cewa. Ta zagaya motar sau ɗaya ta ce, "Saje, ka iya tuƙi ne?"

Na ce, "Ai ga direba."

Ta ce, "Shi ciyawa yake ci?"

Ta leƙa bayan motar, ta ga ba kwano ba keke, ta koma ga tuwonta. Ba ta sake tayar da maganar abu ukun nan ba har ta bar duniya, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Wata tara motar ta yi tana aiki. Muna ɗaukar dawa daga Danko da Dirin Daji muna kawowa kasuwa. Duk fita sai ta dawo da ciwo, yau taya, gobe giya, jibi injin yana shan mai kamar rami. Ni ban san komai a mota ba, duk abin da direba da bakanike suka faɗa shi ne. Da abin hannuna ya ƙare sai na yi abin da ubana bai taɓa yi ba. Na buɗe rumbu da kaka, lokacin da dawa ba ta da daraja, na sayar don in sayi kayan gyara. Da damina ta yi tsakiya na koma kasuwar nan ina auno dawa da tsada, wataƙila ma tawa ce. A shekarar sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan nan. Markus ya san wannan, ka tambaye shi in kun haɗu.

Daga ƙarshe aka ture ta ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, aka cire tayoyi aka ɗora ta a kan duwatsu. A nan ka same ta, a cikinta kuka yi wasan direba. Mutane sun zo sun taya tun tana da sauran amfani, na ƙi sayarwa. Ina cewa zan gyara. Ba gyara nake nufi ba. Duk unguwa ana kiran gidan nan gidan Saje mai mota, sunan nake tsaro. Shekara ashirin ina gadin suna, uwarku tana jera kwanoni a ɗaki duk damina tana taren ruwan da ke zuba.

Ranar da ciwo ya kayar da ita kana makarantar kwana, ba ka ga wannan ba. Da la'asar ne, ta dawo daga gona ta ajiye fartanya, sai ta zube. Na fita neman abin hawa ban samu ba sai babur ɗin Malam Umaru mai hatsi, Allah ya saka masa. Muka ɗora ta a bayansa, na ɗaure ta da zanenta a jikinsa don kada ta faɗi, ni na zauna a can ƙarshe ina tallafe da ita. Za mu fita ta gefen mangwaro, ta ɗaga kai da ƙyar ta ce, "Saje, ba za ka tayar mana da motar ba?" Har ta ɗan yi murmushi. Malam Umaru ya yi kamar bai ji ba. Ba'ar ƙarshe ke nan da ta yi mini. Kwana biyar ta yi a asibiti.

Ɗana, akwai abin da in ka saya zai ciyar da kai, akwai wanda kai za ka riƙa ciyar da shi. Kafin ka biya, ka tambaya me yake ci, kuma wa zai gyara shi ran da ya kwanta. Kada ka sa kuɗinka a abin da sai wani ya gaya maka ciwonsa. In Allah ya ba ka mata, ta zaunar da kai ta ce abu kaza take roƙo, ka sayi nata kafin ƙafarka ta kai inda naka yake. In kuma ka riga ka yi kuskuren, ka sayar tun da wuri, ka karɓi hasara da dariyar mutane. Dariyar ba ta wuce mako guda. Da na yi haka, da Rahila ta yi ɗinki a kekenta ko na shekara goma ne.

Yanzu maganar Markus, wadda ta fi mini nauyi. Kana ganin yayanka ya yar da mu ne, shekara takwas yana Legas bai leƙo ba, ko jana'izar uwarku kuɗi ya aiko. Na bar ka kana zaginsa, ban gyara maka ba. Laifin nawa ne.

Zuwansa na ƙarshe, da 'yar jaka ɗaya ya shigo a kafaɗa. Lokacin bai daɗe da samun aikin tuƙi ba. Na tarye shi a ƙofa, kafin in ce masa sannu da hanya sai na leƙa bayansa na ce, "Shi ke nan kayan?" Wasa nake yi, ko kuwa haka na gaya wa kaina. Ya yi dariya ya ce, "Sauran suna tafe, Baba." Mako biyu ya zo yi, kwana uku ya yi ya koma. Ni da aka yi wa wannan a bakin hanyar Dabai, ni na yi wa ɗana a ƙofar gidansu. Ban san abin yana cikin bakina ba sai da ya fito.

Da waya ta shigo garin nan na ce to, ga magani ya zo. Ka tuna da kakar da na sayar da dawar 'yar gonar uwarku, ka tambaye ni na ce za a yi gyaran ɗaki. Wayar nan na saya, wadda na ce muku wani tsohon abokin aiki ne ya ba ni. Ka ga har rumbun na sake buɗewa da kaka. A unguwarmu ba ta kamawa sai an hau tudun bayan coci. Duk Lahadi bayan sujada nake hawa da sandata, in huta sau uku kafin in kai, in zauna a kan dutse in kira shi. Kullum maganar ɗaya ce. "Baba, ina nan tafe. Ina ɗan haɗa abubuwa ne." In ce, "Markus, bar abubuwan, kai nake so." Ya ce, "Haba Baba, in shigo haka kawai? Me mutane za su ce?" Shekara uku ke nan. Kafin wayar, yakan rubuto takarda ya ce kewa ta dame shi. Yanzu yana jin muryata duk mako, hankalinsa ya kwanta, yana ganin kamar ya zo. Na sayi abin da zai kawo mini ɗana, sai ya zama shi ne ya zaunar da shi a can.

Akwai ƙananan ma da ban ƙirga ba. In ka duba ƙarƙashin gadona za ka ga kwalaben maganin ƙarfin jiki na masu lasifika, da tocila uku, da agogon bango da ba ya tafiya, da takalmin da ya matse ni tun a kasuwa. Na daɗe ban san abin da ke sa ni sayensu ba. Tun da ka tafi na gane. Mai sayarwa yana ce mini Baba, yana tambayar jikina, yana sauraron abin da na faɗa har ƙarshe. Hirar nake saye. Ka kula da wannan a bariki, don can ma akwai kaɗaici. Ranar albashi za ka ga masu kaya sun cika bakin ƙofa, sun san sunanka, suna kiranka da muƙamin da ba ka kai ba. Kada ka yi ciniki ranar da aka biya ka, ko ranar da aka ɓata maka rai, ko ranar da kewar gida ta kama ka. Abin da ka gani kana so, ka bar shi ya kwana bakwai. In ka koma ka ga har yanzu kana bukatarsa, yana nan, ba su ƙarewa. Babur ba laifi ba ne. Ka saye shi ran da aikinka ya nemi babur, ka hau shi inda ba wanda ya san ka.

Yanzu ka kwance ƙullin.

Makon jiya na kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Su uku suka zo da guduma da sikeli. Kafin azahar sun farfasa motar, suna aunawa kilo kilo kamar masu sayar da nama. Babbansu ya ce, "Baba, da ka kira mu tun da daɗewa, ai tsatsa ta cinye rabin kuɗinka." Na ce masa ba kuɗi kaɗai ta ci ba. Da suka tafi na tsaya ina kallon wurin. Duwatsu huɗu, da ƙasa fara inda ciyawa ba ta taɓa fitowa ba. Ɗan wuri ne ƙwarai, Ishaya. Ban san haka yake da ƙanƙanta ba.

Wayar ma na sayar. Kafin in rabu da ita na sa aka taimaka mini na hau tudun, na gaya wa Markus in yana son jin muryata ya san inda take. Ya ce yana nan tafe. Kai ma kada ka nemi lambar, ba na so ka ji ni a waya ka ce ka gan ni.

Abin da ke cikin ƙullin kuɗin mota ne, zuwa da komawa. Na tambaya a tasha, zai isa. Abin da ya ragu na ba kafintan bakin kasuwa, ya san akwatin da zai haɗa mini da shi. Wannan sayen kam ba zan yi nadamarsa ba, ba zan samu lokaci ba.

Ƙafafuna sun kumbura tun farkon damina. Takalmi ba ya shiga, in na danna da yatsa ramin ba ya komawa. Na je asibiti, ma'aikaciyar ta ba ni ƙwayoyi ta ce zuciyar ce ta gaji, in rage gishiri, in daina hawan tudu. Ta tambaya wa ke gida tare da ni. Na ce 'ya'yana suna nan tafe.

Ba ni da tabbacin za ka ji maganar nan. Ni ma an aiko mini ban ji ba, kuma na fi ka shekaru a lokacin. Wataƙila ka karanta ka share hawaye, sa'an nan ka ce bari dai wata uku su cika. Na san yadda lissafin yake daɗi a kai, na san kuma yadda yake ƙarewa. In haka ta faru ba zan riƙe ka a zuciya ba, na yafe tun yanzu. Tsoron da nake ji ba don kaina kaɗai ba ne. Ba na so ka kai shekaruna kana zaune kai kaɗai a tsakar gida kana rubuta irin wannan takarda.

Kakanka bai ce in zo ba, na samu inda na ɓuya. Kai ba zan bar maka wurin ɓuya ba. Ka zo. Ka nuna wa manyanka takardar nan in ta kama, ka nemi fas. Kada ka jira ranar kasuwa, kada ka jira Kirsimeti. Ka shigo a bayan motar haya kamar buhun gawayin da ka faɗa. Ko burodi kada ka saya a Kwantagora. In wani ya tare ka a hanya ya ce ina tsaraba, ka ce masa ubanka ya hana. Ina zama a ƙofar gida kullum daga hantsi har rana ta faɗi, a kan kujerar nan mai igiya. In ka iso, na yi maka alkawari ba zan leƙa bayanka ba.

Ubangiji ya tsare ka a bariki da bakin aiki, ya tsare ka a hanya, ya sa motar da za ka hau ta sauke ka lafiya. Ya ba ka zuciya mai ƙoshi wadda ni ban samu ba. Ya sa mu gana. In kuwa bai nufa ba, ya sa ka same ni da uwarka inda ba a zuwa da kaya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Yohanna